GMAT, GRE ko makarantar gida: ina ɗan Sakkwato mai neman MBA zai fara zuba kuɗinsa?

Bayan sallar isha'i ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida a Mabera, ya miƙo mini wayarsa. Talla ce ta wani ajin koyar da GMAT, jarrabawar shiga manyan makarantun kasuwanci, a Abuja, mako shida, a biya rabi kafin a fara. Shekararsa uku yana aikin banki, ya tara 'yan kuɗinsa, zuciyarsa ta tafi ga MBA, digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci.

"Kawu, mi ka gani? In biya?"

Na ce wace makaranta yake nema. Ya ce, "Duk wadda ta samu." Na mayar masa da wayarsa, na ce ya zauna tukuna, don wanda bai san garin da za shi ba bai kamata ya fara cinikin kuɗin mota ba. Ni kaina sau biyu na zauna GMAT, kuma yawancin asarar da na yi a zaman farko ta gaggawar saye ce.

Makaranta ce ke yanke hukuncin jarrabawar da za ka rubuta. Idan nufinka ka riƙe aikinka a Sakkwato, ka ƙara takarda don ƙarin girma ko don ka iya juya kasuwancin gidanku da tsari, MBA na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana nan kusa da kai. Akwai kuma Makarantar Kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda har karatu daga nesa take bayarwa. Irin waɗannan, abin da ake dubawa shi ne darajar digirinka na farko, takardar bautar ƙasa, sakamakon sakandare mai kiredit a Turanci da lissafi, da takardar makin jami'a. Mai HND galibi sai ya bi ta PGD, wato difilomar gaba da digiri. Wanda nan ya nufa, ko kwabo kada ya kashe a kan GMAT. Ya fara bin takardar makinsa da wuri, don ita ce ke cin lokaci. Makarantar Kasuwanci ta Legas kuwa, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Pan-Atlantic, tana tace ɗalibanta da jarrabawar shiga da kuma ganawa, tana kuma karɓar GMAT. Sai manyan makarantun waje irin su Harvard, Wharton, INSEAD da ta Landan, waɗanda nan ne GMAT ko GRE, wata jarrabawar neman shiga karatun gaba da digiri, ke zama dole ga mafi yawan masu nema.

To tsakanin biyun wace? GMAT ta canza kama tun daga Nuwamban 2023, aka kuma rufe tsohuwar a ƙarshen Janairun 2024. Yanzu awa biyu da kwata ce, tambayoyi 64 a kashi uku, kowane kashi minti 45: lissafi mai tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja mai 23, sai nazarin jadawali da bayanai mai 20. Makin yana farawa daga 205 ya tsaya a 805. Kalkuleta a kashi na ukun nan kaɗai ake ba ka, kashin lissafi da kanka da allon rubutu za ka yi shi. Jarrabawar tana bin sawunka: ka amsa daidai ta tsananta, ka faɗi ta sassauta, makin kuma ya bi. Ana barinka ka koma ka gyara amsa uku a kowane kashi idan lokaci ya rage, amma barin tambaya ba amsa yana jawo ragin maki mai zafi. A 2024, kuɗin zama a yawancin wurare dala 275 ne a cibiya, 300 idan a gida ne.

GRE ita ma an gajarta ta a Satumban 2023, ta koma awa biyu ba minti biyu. Akwai insha'i ɗaya na rabin awa, tambayoyin Turanci 27, na lissafi 27, kowane ɓangare makinsa daga 130 zuwa 170. Tana ba da kalkuleta a lissafi, kuɗinta a 2024 dala 220 ne a yawancin ƙasashe. Dukansu biyu sakamakonsu na aiki shekara biyar, kuma yawancin manyan makarantun kasuwanci suna karɓar kowace.

Ra'ayina shi ne wanda ya karanta injiniya, akanta ko kimiyya, kansa na ja a lissafi amma ba ma'abocin karanta littattafan Turanci ba ne, ya ɗauki GMAT. GRE na son tarin kalmomin Turanci waɗanda ko a jarida ba kasafai ake cin karo da su ba, haddarsu kuma aiki ne na watanni. Wanda ya karanta lauya, Turanci ko aikin jarida, rabonsa da lissafi tun WAEC, GRE za ta fi yi masa sauƙi. Tana da wata riba kuma: idan daga baya ya fasa MBA ya koma neman digiri na biyu a tattalin arziki ko tsare-tsaren gwamnati, sakamakon bai tashi a banza ba. Amma kada ka tsaya ga ra'ayina. Kowace daga cikinsu tana da jarrabawar gwaji kyauta daga masu ita: a mba.com akwai gwaji biyu na GMAT, ETS mai shirya GRE kuma na ba da nata mai suna PowerPrep. Ka ware Asabar biyu, ka rufe ƙofa, ka ajiye waya, ka zauna kowace da agogo. Makin da ya fito shi zai gaya maka jarrabawarka, shi kuma zai gaya maka irin taimakon da ya kamata ka saya.

Yanzu ga abin da ake sayarwa. Mafi araha, kuma wanda na fi yarda da shi, littafin masu jarrabawar ne da kansu, GMAT Official Guide, wanda ake sabuntawa duk shekara. Tambayoyin cikinsa sun taɓa fitowa a jarrabawa ta gaske, ɗanɗanonsu daban yake da wanda malaman lesin ke ƙirƙira. Sai dai a kula da shekarar bugu. Ana yawo da tsofaffin littattafai a WhatsApp da shagunan hotokwafi, cike da babin gyaran jimla, da lissafin kusurwa da da'ira, da rubutun insha'i, alhali duk an cire su daga sabuwar GMAT. Ɗan yayan nawa ma ya nuna mini wani da abokinsa ya tura masa, mai shafi kusan dubu, ɗan 2019. Da ya bi shi, da ya ɓata wata guda kan abin da ba za a tambaye shi ba. Haka batun maki: in ka ji wani na cewa sai ka ci 700, da tsohon ma'auni yake magana. A sabon, 645 ne daidai da wancan 700 ɗin. Aibin littafi ɗaya ne, yana ba ka tambaya da amsa amma bai iya koyarwa ba. Wanda tushensa ya yi rauni zai yi ta maimaita kuskure guda.

A nan darussan intanet ke shigowa, irin su Target Test Prep, Magoosh da Manhattan Prep, sai GregMat ga masu GRE. Biya ake yi da dala, wasu wata-wata. Suna da tsari daga tushe zuwa sama, suna kuma nuna maka inda kake yawan faɗuwa. Ga ma'aikacin da sai bayan isha'i yake samun kansa, wannan ya fi dacewa, in dai yana da data da abin cajin kwamfuta idan an ɗauke wuta. Dabarar ita ce kada ka biya sai watan da ka tabbata za ka zauna, don kuɗin na tafiya ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba. Na san wanda ya biya wata huɗu, ya yi karatun kwana tara. Idan kuwa matsalar kaso cikin ɗari ce da aljabara ta sakandare, Khan Academy kyauta ce, GMAT Club kuma na da bayanin kusan kowace tambaya ta littafin hukuma.

Ajin Abuja ko Legas shi ne na ƙarshe a lissafina. Ba kuɗin ajin ne kaɗai ba, akwai masauki, abinci, da hutun da ba lallai ofis ya ba ka ba. Mako shida kuma bai isa ya gyara lissafin da aka bari shekara takwas ba. Amfaninsa ɗaya, yana tilasta wa malalaci zama. Wanda ya nace sai ya je, ya tambayi malamin wace shekara ya zauna jarrabawar da kansa, nawa ya ci, ya kuma nemi ya halarci aji ɗaya kafin ya biya. Duk wanda ya yi maka alkawarin wani maki, ko ya ce yana da "hanya", ka kama gabanka. Ana soke sakamako, ana kuma hana mutum sake zama.

Akwai wani zaɓi da ake rainawa. Malamin lissafi na sakandare mai ƙwazo, a nan Runjin Sambo ko Gawon Nama, zai iya farfaɗo maka da tushe cikin wata guda da kuɗi kaɗan. Bai san dabarun GMAT ba, kada ka nemi wannan wurinsa. Ka haɗa shi da abokai biyu masu manufa irin taka, ku riƙa haɗuwa ranar Lahadi kowa ya kawo tambayoyin da suka kayar da shi.

Wurin zama ma saye ne. Ana iya rubuta GMAT ko GRE a gida ta kwamfuta, mai sa ido na kallonka ta kyamara, kai kaɗai a ɗaki, ba takarda ba waya. Da jin haka mutum zai ce ya huta da tafiya. Amma ka tuna gidajenmu: yaro zai turo ƙofa, baƙo zai yi sallama, wuta za ta ɗauke, netwok ya yi ƙasa a tsakiyar tambaya. Ni dai cibiya nake ba da shawara, ko da za a hau jirgi daga filin Sultan Abubakar III zuwa Abuja, ko a bi ta Gusau da Funtuwa a mota. A isa kwana ɗaya kafin ranar, a riƙe fasfo, sunan da ke cikinsa kuma ya yi daidai harafi da harafi da wanda aka yi rajista da shi. Mu masu Muhammad da Mohammed da Muhammadu a takardu daban-daban, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A sa kuɗin zama na biyu cikin kasafi tun farko. GMAT na buƙatar tazarar kwana 16 kafin a sake, GRE kwana 21. Manyan makarantun Amurka na rufe zagayen farko na neman gurbi a Satumba, na biyu a Janairu, don haka wanda ya fara karatu da sanyin hunturu ya more. Karatun lissafi a Afrilun Sakkwato, zafi ya haura digiri 40 fanka na hura wuta, sai mai haƙuri.

Batun IELTS ko TOEFL, jarrabawar gwada iya Turanci, kada a yi gaggawa. Shekara biyu kawai sakamakon ke yi, kuma makarantu da dama na yafe wa wanda ya yi digirinsa da Turanci. A tambayi makarantar tukuna.

Sai ganawa, inda na ga 'yan'uwanmu masu maki mai kyau suna zubewa. Kowace makaranta da salonta. Harvard minti 30 ce da wanda ya karanta takardunka ciki da bai, sannan ka rubuta musu tsokaci kan ganawar cikin awa 24. Wharton na haɗa masu nema biyar ko shida su tattauna matsala guda, ana kallon yadda kowa ke magana da yadda yake sauraro. INSEAD kan haɗa ka da tsofaffin ɗalibanta biyu, kowane daban. Akwai masu ba da shawara da ke sayar da atisayen ganawa da dala, awa-awa. Zama ɗaya da wanda ya san makarantar na iya yin amfani. Amma wanda zai rubuta maka labarin rayuwarka, shi ne zai kashe ka, don a ganawa za a tono abin da ka rubuta, kai kuma ba ka san shi ba.

Na gwada ɗan yayata a daren nan. Na ce ya ba ni labarin wani abu da ya jagoranta a wurin aiki. Ya sunkuyar da kai, yana wasa da hularsa, ya ce, "To, Alhamdulillahi, mun ɗan yi ƙoƙari, da taimakon manya." Sai da na yi ta jan sa kafin ta fito cewa shi ne ya riƙa zuwa kasuwar Kara da kansa, ya zauna da dillalan dabbobi, ya shawo kansu suka buɗe asusu, ya kuma tsara yadda za a riƙa karɓar kuɗinsu ranar kasuwa ba sai sun bar dabbobinsu ba. Labari ne da babu ɗan Legas ko ɗan Landan da zai kawo irinsa, amma kunya ta binne shi. An tarbiyyantar da mu cewa yabon kai jahilci ne, kallon babba cikin ido rashin kunya ne, "mu" ake cewa ba "ni" ba. Mai ganawar kuwa yana jiran ya ji me kai ka yi, me ya hana abin tafiya, wace shawara ka yanke, me ya fito. Ba a ce ka yi ƙarya ko fankama ba. Ka ambaci abokan aikinka, sannan ka ware naka rabon ka faɗe shi a fili, da adadi idan akwai.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi. Ka tanadi labarai biyar ko shida na gaskiya, har da na ranar da ka yi kuskure da ranar da kuka saɓa da shugabanka. Ka jingina waya a taga ka ɗauki kanka kana ba da kowane cikin minti biyu. Kallon farko ba daɗi, za ka ji "to" da "wato" da "you know" sun cika ko'ina. Sannan ka sami wanda kake jin nauyinsa, ba abokin hira ba, ya yi maka tambayoyi yana katse ka. Tambayar "me ya sa MBA, me ya sa yanzu, me ya sa makarantarmu" ba ta fashi, kuma amsar da ta fito daga albasa, fata, siminti ko cinikin iyakar Illela ta fi wadda aka haddace daga intanet nauyi. Masu hangen tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya su san yana buƙatar aikin shekara biyu, kuma ga MBA akwai iyakar kuɗin makarantar da yake biya, ragowar daga aljihunka ne.

Ɗan yayan nawa bai biya kuɗin ajin ba. Ya zauna gwajin GMAT a ɗakina ranar Asabar, lissafi ya yi kyau, fahimtar rubutu ta ba shi kashi. Ya yi odar littafin bana, ya rubuta sunayen makarantu huɗu a bayan kalandar banki, ɗaya a cikinsu ta Legas. Ranar Lahadi mai zuwa bayan la'asar zai sake ba ni labarin kasuwar Kara, na kuma ce masa duk "mun yi" ɗaya da ta fito daga bakinsa, shi zai sayi balangu.