Kwas ɗin tausaya wa kai: makonni 8 da na yi kafin in kai shi aji

Na daɗe ina koyar da ɗaliban ba da shawara da walwalar jama'a, kuma duk shekara abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗaliba za ta dawo daga aikin gwaji a asibiti ko gidan marayu ta kwaso damuwar mutane a ka, sannan ta zauna tana zargin kanta don ba ta magance musu ba. Shi ya sa na shiga kwas ɗin Mindful Self-Compassion, wato koyon tausaya wa kai, ta intanet, wanda Kristin Neff ta Jami'ar Texas da Christopher Germer suka tsara.

Makonni 8 ne, zama ɗaya a mako, kimanin awa biyu da rabi. Ana koya maka ka lura da zafin da ke ranka ba ka kau da kai ba, ba ka kuma kambama shi ba, ka tuna ba kai kaɗai ke shan wuya ba, sannan ka yi wa kanka magana mai taushi.

Darasin da ya fi shiga raina shi na fara kai wa aji. Na ce kowa ya rubuta abin da zai faɗa wa aboki in ya yi kuskure, a wata takardar kuma abin da yake faɗa wa kansa. Wata ta rubuta wa ƙawarta, "Haba, ai kin yi iya ƙoƙarinki." Wa kanta kuwa, "Ke dai ba ki da amfani." Ta jera takardun biyu a kan benci tana kallo, can sai hawaye.

Da ban yi kwas ɗin ba da na rikice. An riga an gargaɗe mu cewa tausasa wa kai kan fara tono tsohon ciwo, kamar ka buɗe ƙofar ɗakin da wuta ke ci, iska ta shiga ta ƙara ruruta ta. Sai na ce ta buɗe ido, ta ji tafin ƙafarta a ƙasa, ta huta. Ta dawo daidai.

Kuɗin kwas ɗin da dala ne, ya yi mini nauyi, ga data. Wasu ɗaliban sun tambayi asalinsa. Na gaya musu gaskiya yana da tushe a koyarwar Buddha, amma babu bauta a cikin abin da muka yi. Malamin da zai koyar da shi, don Allah ya fara yi a kansa tukuna. Ni zangon karatu mai zuwa minti goma zan ware masa a farkon kowane aji.