Masu Gadi Ko Ɗakin Ɓuya: Wanne Ya Dace Da Jirgin Ruwa?

Ana yawan tambayata wanne ya fi idan 'yan fashin teku suka kawo hari.

Ɗakin ɓuya, wato ɗakin da ma'aikatan jirgi ke kulle kansu a ciki, ya fi araha: ƙofar ƙarfe, ruwan sha, da wayar tauraron ɗan'adam ta kiran sojan ruwa. Sai dai in agaji ya makara, akwai matsala. A 2021 ɓarayi suka fasa ɗakin ɓuya na jirgin Mozart a mashigin tekun Gini, suka kashe mutum ɗaya, suka sace 15. Har yau abin na sosa mini rai.

Masu gadi da makamai kan kori ɓarayi tun daga nesa, amma kowace tafiya sai an biya. Ga kuma haɗarin kuskure: a 2012 sojojin Italiya masu gadin wani jirgi suka harbe masunta biyu 'yan Indiya.

Mai ratsa tekun Somaliya, gadi ya fi masa. A ruwan Najeriya, inda aka hana masu gadin haya riƙe makami, ɗakin ɓuya da rakiyar sojan ruwa.