Ra'ayina kan LawHub wajen shirya wa jarrabawar LSAT

Duk mai son karatun lauya a Amurka ko Kanada ya san LSAT, jarrabawar da hukumar LSAC ke shiryawa, wadda makinta yake daga 120 zuwa 180. Na yi shirina a dandalin LawHub na hukumar, kuma na gamsu da shi ƙwarai, musamman domin fuskar allon kwamfuta da ɗalibi ke atisaye a kanta ita ce zai gani ranar jarrabawa, har da agogon da ke ƙirga minti 35 na kowane sashe da alƙalamin shafa wa layi launi. Tun daga Agustan 2024 aka cire sashen wasannin dabaru (tambayoyin jera abubuwa bisa sharuɗɗan da aka gindaya), saboda haka ƙarfin shiri ya koma kan tantance hujja da fahimtar dogon rubutu, kuma tsofaffin jarrabawoyin da ke dandalin sun wadatar a nan.

A gida na rubuta tawa. Mai sa ido ta intanet ya sa na zagaya da kyamara ya duba ɗakin, har ƙarƙashin tebur, kafin ya ba ni izinin farawa. Ina shawartar duk wanda aka ba damar rubutawa a gida ya tanadi intanet mai ƙarfi da ɗakin da babu mai shigowa, domin hutun minti 10 kaɗai ake bayarwa.