Maye da sahir a bakin Hausawan Jidda

A Jidda na ji wata dattijuwa ta kira jikanta mayen shayi, yaron ya fassara wa abokinsa Balarabe da "sahir". Nan take ta ce, "Kul, kada ka ja mana!"

Tana da gaskiya. Maye a wurinmu ƙanƙara gare shi a ciki, gado ko saye, kurwa yake kamawa, sai an sa shi ya tsallaka mara lafiya kafin ya saki. Kalmar ta ma yi laushi har ana wasa da ita: mayen ƙwallo, mayyar kallo.

Sahir kuwa mai sihiri ne, koyo yake, da ƙulli da binne-binne. A Saudiyya laifi ne da kotu ke hukuntawa, har da kisa.