Kafin a Sayi Tukunya: Dalma, Sitenles, Baƙin Ƙarfe ko ta Ƙasa?

Wanda ya shiga layin masu tukwane a kasuwa, ko don haɗa kayan ɗakin amarya ko don maye gurbin tukunyar da ta huje, farashi da ƙyalli ne suka fi jan idonsa, alhali halin tukunya a kan murhu yana fitowa ne daga yadda ƙwayoyin zarrar da ke jikinta, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin da suka haɗu suka gina ta, suka riƙe juna. A cikin ƙarfe, ƙwayoyin suna sakin wasu daga cikin elektron ɗinsu, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke jikin zarra, su yi ta yawo a tsakaninsu, kuma waɗannan ne ke kai zafi daga gindin tukunya zuwa bakinta, su kuma ba ƙarfe damar lotsawa ba tare da ya fashe ba. A yumɓu kuwa, elektron a ɗaure suke tsakanin silikon da alminiyom da oksijin, shi ya sa zafi ke ratsa tukunyar ƙasa a hankali, faɗuwa ɗaya kuma take tarwatsa ta.

Abin da 'yan kasuwa ke kira tukunyar dalma, alminiyom ce aka narka aka zuba a zubin yashi, aikin da bai fi ƙarfin ƙaramin maƙeri ba tunda alminiyom tana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Selsiyos. Ba ta da nauyi, tana da arha, kuma tsantsarta tana watsa zafi kusan ninki 15 na sitenles, don haka mai tuƙa tuwon biki a kan itace ba za ta sami kamarta ba. Rauninta shi ne tsami da kanwa duk suna cinye siririn rufin da iska ke yi mata. Wadda ta dafa wake da kanwa ta ga cikin tukunya ya yi baƙi, ko ta bar miyar yakuwa ta kwana ta tarar da ƙananan ramuka a gindi, ta ga wannan da idonta. Babban abin dubawa shi ne asalin ƙarfen, domin ana yawan narka tarkacen gwangwani da kayan injin mota, kuma wani bincike da aka buga a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano ainihin dalma, mai guba, tana fita daga jikinsu idan aka tafasa ruwa mai tsami. Mai saye ya tambayi maƙeri abin da ya narka, ko ya ƙara kuɗi ya ɗauki ta kamfani.

Sitenles ƙarfe ne da aka gauraya da wani ƙarfe mai suna kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda ke yi masa rufin da ke hana tsatsa. Ana tafasa zoɓo da tsamiya da tumatir a cikinsa ba tare da fargaba ba. Sai dai zafi na taruwa wuri guda a mai siririn gindi, shinkafa ta yi ƙanzo kafin samanta ya nuna, saboda haka a juya tukunyar a duba ko an liƙa mata faifan alminiyom mai kauri a ƙasa. Lambar 18/8 ko 18/10 da ake bugawa a gindi tana nufin kason kuromiyom da nikel.

Baƙin ƙarfen zubi yana ɗauke da kabon kashi 2 zuwa 4, yana da nauyi, yana jinkirin ɗaukar zafi amma yana riƙe shi, abin da ake so ga kaskon suya. Sharaɗinsa a busar da shi a shafa mai bayan wanki. Tukunyar ƙasa ta dace da dahuwa mai tsawo a kan gawayi, ba da wutar gas mai ƙarfi ba. Kaskon da abinci ba ya manne masa an shafe shi ne da Teflon, haɗin kabon da fulorin, wanda ke fara lalacewa idan zafi ya wuce digiri 260, kuma cokalin ƙarfe yana karce shi.

A ganina, gidan da kuɗinsa bai wuce na tukunya biyu ba ya sayi sitenles mai kaurin gindi don miya, da babbar alminiyom don tuwo da dafa ruwa, a riƙa juye abinci daga cikinta da zarar an sauke.