Faifan Verocai ko na Vashti Bunyan?

Duka biyun sun yi kwantai lokacin fitowarsu. Vashti Bunyan 'yar Ingila ta saki Just Another Diamond Day a 1970, waƙoƙin da ta tsara tana tafiya a keken doki zuwa tsibiran Sikotilan. Siririyar murya da jita, sai ka kasa kunne.

Na Arthur Verocai ɗan Birazil kuwa, na 1972, cike yake dam: goge, ƙaho, ganguna, kiɗan samba na Birazil ya cakuɗe da kiɗan jaz. Da ya ƙi sayuwa, mutumin ya koma kiɗan talla. Can baya 'yan rap na Amurka suka riƙa tsintar gutsattsarin faifan suna sakawa a waƙoƙinsu. Ni dai nasa nake ɗauka, musamman da hantsi. Na Vashti gyangyaɗi yake sa ni.