Dragon Age: Origins: faɗa, rauni da yawo a ƙasar Ferelden

Kamfanin BioWare na Kanada ne ya fitar da wannan wasan bidiyo a watan Nuwamba na 2009, kuma har gobe ba ya raga wa mai gaggawa. Kai ɗaya ne daga cikin dakarun Grey Wardens, aikinka ka haɗa kan ƙasar Ferelden kafin rundunar dodannin da ake kira darkspawn ta cinye ta. Mutum huɗu kake fita da su fagen daga, har da kai. Wanda ya dace a saya shi ne Ultimate Edition na kwamfuta, a Steam ko GOG, domin a kwamfuta ne kaɗai za ka iya jan kyamara sama ka ga filin daga kamar faifai a gabanka. Na Xbox 360 da PlayStation 3 ba su da wannan.

Maɓallin da ya fi kowanne daraja shi ne dogon nan na ƙasan allon rubutu, wato Space, mai tsayar da wasa cak. Ka tsayar, ka duba inda maharba da matsafan abokan gaba suke, ka ba kowa umarni, sannan ka saki. Launin suna yana gaya maka nauyin wanda ke gabanka: fari ƙaramin alhaki ne, rawaya ya fi ƙarfi, mai ruwan lemo kuwa uban gayya ne. Kuskuren da ya fi kashe sababbin 'yan wasa shi ne su buɗe ƙofa su afka ɗaki gaba ɗaya. Abin da ke aiki shi ne ka danna H kowa ya tsaya a lungu, ka tura mutum ɗaya ya yi harbi ya dawo da gudu. Maharban da suka daina ganinka dole su biyo ka, sai su taras da mayaƙinka Alistair da garkuwarsa a bakin ƙofa.

Abokan gaba suna bin wanda ya fi ɓata musu rai. Sulke mai nauyi yana jan su, haka ma dabarun Threaten da Taunt na mayaƙi. Idan matsafiyarka Morrigan ta fara jefa ƙwallon wuta kafin mai garkuwa ya riƙe su, kanta za su yi ca, ita kuwa ba ta da jikin ɗaukar duka. Ga kuma wani abin lura: a matakin Normal na kwamfuta, wutar matsafinka tana ƙona mutanenka da rabin ƙarfinta, a Hard kuma babu ragi. Haɗa sihiri da sihiri shi ne inda daɗin yake. Ka daskarar da mutum da Cone of Cold, ka bi shi da Stonefist, sai ya tarwatse kamar tulu, ko da yake manyan ba sa fashewa haka. Ka malala Grease a ƙasa ka cinna masa wuta, hanya ta toshe. Ƙaton dodon nan ogre da ke saman hasumiyar Ishal idan ya cafke mutum yana dukansa, bugun garkuwa na Shield Bash ne zai sa ya sake shi.

Allon Tactics yana ba ka damar rubuta wa kowa dokoki: in lafiyarka ta gaza rabi, sha magani, in an kewaye ka, yi kaza. Wasan yana karanta su daga sama zuwa ƙasa, ya ɗauki na farkon da sharaɗinsa ya cika. Saboda haka dokar magani ta zauna a layin farko. In ka sa ta ƙasa da dokar kai hari, mutuminka zai yi ta sara har ya faɗi da magani cike a jaka. Guraben dokokin kaɗan ne da farko, suna ƙaruwa da hawan mataki da kuma ƙwarewar Combat Tactics.

Yanzu ga batun rauni, wanda shi ne abin da ya bambanta wasan da 'yan uwansa. Wanda ya faɗi a faɗa bai mutu ba muddin akwai ɗaya daga cikin huɗun a tsaye. Faɗa na ƙarewa zai tashi, amma da rauni a jikinsa. Karayar ƙashi tana rage zafin nama, tsagewar ƙoƙon kai tana rage wayo, girgizar ƙwaƙwalwa tana rage ƙarfin sihiri, lalacewar ido tana sa sara ya riƙa kuskurewa, murƙushewar hannu tana rage ɓarnar da makami ke yi. Raunukan suna taruwa, kuma maganin ƙara lafiya ba ya taɓa su. Nan ne abin ke zama sarƙa: mai rauni biyu ya fi saurin faɗuwa a faɗa na gaba, ya tashi da na uku.

Hanyoyin warkarwa uku ne. Akwai ƙunshin ɗauri da ake kira injury kit: ƙarami yana cire rauni ɗaya, matsakaici har uku, babba duka. Akwai sihirin Cleansing Aura na matsafa masu warkarwa irin su Wynne, sai dai ba a samunsa da wuri. Sannan komawa sansani yana share komai kyauta. Wannan na ƙarshe shi ne aibin tsarin kansa. A duk inda taswira take a buɗe, rauni ya zama ɓata lokaci kawai: ka fita, ka koma sansani, ka dawo garau, ba ka biya ko sisi ba. Da an sa masa wani farashi, da tsarin ya fi haka kaifi.

Inda yake ciwo da gaske shi ne wuraren da ake rufe ka. Hasumiyar matsafa ta Circle, da zarar ka shige aka ja ƙofa, babu fita sai ka gama, ciki har da dogon zangon Fade, duniyar mafarki, da za ka yi kai kaɗai. Haka ƙarshen ramukan Deep Roads a ƙarƙashin birnin Orzammar: bayan Caridin's Cross, Ortan Thaig da Dead Trenches, kana shiga Anvil of the Void hanya ta rufe a bayanka. Kada ka ɓarnatar da ƙunshin ɗauri a kan raunin da bai shafi aikin mutum ba. Mayaƙi mai raunin sihiri zai iya jira. Matsafi mai irin wannan rauni ba zai iya ba. Kafin ka shiga irin waɗannan wurare, ka tara magani. Ƙaramin maganin lafiya saiwar elfroot ɗaya ce da kwalba ɗaya ga mai ƙwarewar haɗa ganye. Varathorn na sansanin ƙabilar Dalish yana sayar da elfroot ba iyaka, ɗan kasuwa Bodahn na sansaninka yana da kwalabe.

Yawon bincike ba na fili buɗaɗɗe ba ne. Taswira ce mai tashoshi, a hanya a kan tare ka da kwanton ɓauna. Danna Tab yana haska duk abin da za a iya taɓawa, kuma ba tare da ɗan sane irin Leliana ba, akwatuna masu makulli da tarkuna za su yi ta ba ka haushi. Ita Leliana a mashayar garin Lothering take, mayaƙi Sten kuma a keji a bayan garin. Ka ɗauke su kafin ka yi nisa, domin garin yana faɗawa hannun dodanni da zarar ka kammala babban aikinka na farko bayan ka bar shi, duk abin da ka bari ya tafi. Jaka tana farawa da gurbi 70, kowace jakar baya da ka saya tana ƙara 10, kuma ta wurin ma'ajin Ostagar ta fi araha nesa ba kusa ba. Deep Roads ta yi tsawo fiye da kima, ramuka masu kama da juna da faɗa a kan faɗa.

Tsohuwar kwamfutar cinya ma tana ɗaukar wasan, amma shekaru sun nuna. An gina shi a tsarin 32-bit, in an daɗe ana wasa lodi yana ƙara nauyi, yana kuma yawan rufe kansa a kasuwar Denerim. Rage ingancin zane daga mafi girma yana taimakawa, haka ma gyaran 4GB da 'yan wasa ke sa wa fayil ɗinsa don ya ƙara amfani da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ka saba da danna F5 kafin kowace ƙofa, musamman in a kwamfutar tebur kake kuma ba ka da tabbacin wutar lantarki.